Ranar da Hasumiya Bai Kira Ba

Shekara goma sha tara ina ɗauko baƙi daga filin jirgi, kuma in akwai abin da na koya a ciki, shi ne jirgin sama bai san agogo ba. A takarda za a rubuta maka goma da rabi. Ka wanke mota, ka sa rigarka mai guga, ka je ka tsaya riƙe da kwali mai sunan mutumin da ba ka taɓa gani ba. Sha biyu ta yi, ɗaya ta gota, ƙafa ta kumbura, baya ya ƙage, sannan wata murya ta fito ta lasifika tana ba da haƙurin da bai kai zuci ba. Ni dai haƙurin lasifika na sha shi har ya ginshe ni.

Otel ɗin da nake wa aiki ƙarami ne. Ɗaki ashirin da biyu, mota ɗaya, direba ɗaya, wato ni. Motar nan ita ce ta ɗauko baƙo, ita ce ta kai zannuwan gado wanki, ita ce ta gudu kasuwa in mai dafa abinci ya manta da albasa. Don haka ba ni da damar zuwa in share wuri in zauna a filin jirgi ina jiran tsammani. Yawancin baƙinmu daga birni ɗaya suke zuwa, mu dai "can" muke ce masa, kuma kusan kullum a jirgin safe mai jar wutsiya. Akwai wani mai shuɗiyar wutsiya, shi ma da safe yake tashi daga can, amma wani garin yake fara nufa, sai da rana yake biyowa ta nan. Ba ruwanmu da shi.

Lissafin ba wuya. Daga can zuwa nan awa ɗaya da minti goma a sama. A ƙara minti ashirin na jiran akwati. Daga ƙofar otel zuwa filin jirgi minti hamsin, in hanya ta yi kirki. Ke nan in na san lokacin da jirgi ya ɗaga, ina da minti arba'in in shanye shayina, in goge gilashi, in kama hanya, baƙo na fitowa ya tarar da ni tsaye. Sanin ne aikin. Kamfanin jirgi ba ya ɗaukar waya. Manhajar da yara suka sa min a waya kuwa, mai ɗan jirgi yana rarrafe a kan taswira, sau biyu tana nuna min jirgi ya yi rabin hanya alhali yana can a ƙasa ana kwance masa taya. Tun daga nan na daina ko buɗe ta.

Ni ina da Hasumiya. Ba gini nake nufi ba, mutum ne, mai tura keken kaya a filin jirgin can. Shekara goma sha huɗu da suka wuce wani baƙonmu ya manta da jaka a kan kekensa. Ya duba aljihun jakar, ya ga katin otel ɗinmu da lambata a bayansa, ya kira. Aka shirya za a sako jakar a jirgin gobe. Washegari ina zaune sai ga waya: "Ya tashi yanzun nan, ga shi can ina kallon cikinsa." Na duba agogo, na yi lissafina, na isa daidai ana fito da jakar. Ran nan na ce masa, "Malam, ai kai ne hasumiyar filin jirgin nan, waɗancan na cikin gilashi zaman banza suke yi." Ya yi dariya har da tari, ya ce to in haka ne ni kuma Sitiyari. Sunayen suka bi mu, har na gaskiyar suka shige mana.

Tun daga ranar, duk safiyar da nake da baƙo sai in aika masa kalma ɗaya, shi kuma ya sa ido. Jirgi na ɗaga hanci wayata za ta yi ƙara. "Sitiyari, ya tashi." In ce, "Madalla, Hasumiya." Shi ke nan, wani lokaci ko gaisuwa babu. Ni ma nakan rama masa. In na sauke baƙo mai komawa can, sai in kira in ce ga wani nan tafe da akwati biyar da jar jaka, hannunsa a sake yake, kada ka bari a riga ka. Shi Hasumiya ban san ko dogo ne ko gajere ba. Na san tarinsa, na san yana da 'ya ɗaya da aure ya kawo ta garinmu, na san ko a makon da matarsa ta rasu sai da ya sa wani abokin aikinsa ya riƙa kirana. Direbobin wasu otel-otel kan tsaya awa uku suna shan rana, ni kuwa in shigo a tsanake minti biyar kafin a buɗe ƙofa. Suna cewa asiri gare ni. Ni kuwa abin da na sani shi ne gani ya kori ji, mutumina da idonsa yake ganin jirgin.

A bana ne abubuwa suka fara karkacewa. Wata Talata na zauna ina jira, shiru, shiru, sai sha ɗaya da kwata ya kira. Na yi lissafina yadda na saba, na je, na tarar baƙuwar ta yi minti arba'in a zaune kan akwatinta, fuska kamar an aiko mata da mutuwa. Har muka iso ba ta ce min ci kanka ba, amma a teburin karɓar baƙi ta amayar da komai. Bayan mako uku kuma ya kira ni tun goma da minti ashirin. Na je na tsaya. Ashe jirgin ko fasinja bai fara ɗauka ba. Awa huɗu na yi a wurin, a otel kuwa wani baƙo ya rasa motar da za ta kai shi tashar jirgin ƙasa.

Manajarmu sabuwa ce, yarinya ce sa'ar 'yata ta biyu, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ba ta da wulaƙanci. Ita ma a gajiye take, kullum da waya biyu a hannu da mai otel a wuyanta. Ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa, ta ma tura min kujera.

"Baba Direba, sau biyu ke nan," in ji ta. "Mai otel ya ce in nemi wani, na ce a ƙara maka dama ɗaya. Ranar Alhamis akwai babban baƙo, zai zo ya duba ɗakunanmu ya ga ko zai kawo mutanensa taro. In aka sake samun matsala, wallahi ba ni da bakin da zan kare ka. Don Allah ka bi manhajar nan kamar kowa."

Na ce to. Me zan ce? Shekarata sittin da ɗaya. Wanda ya kai haka in aka karɓi makulli a hannunsa, ba wanda zai sake miƙa masa wani. Yarinyar ta sani, ni ma na sani, shi ya sa ba mu kalli juna ba da na tashi fita.

A gida uwar yara ta saurare ni tana ninke wanki, ba ta ɗago kai ba sai da na gama.

"Maigida, sabo turken wawa," ta ce. "Mutumin da ko a hanya kuka haɗu ba za ka gane shi ba, shi ka ɗaura wa abincinmu a wuya?"

"Shekara goma sha huɗu bai taɓa yi min ƙarya ba."

"Ai ban ce ƙarya yake yi ba. Tsufa na ce. Kai da kanka jiya ina ka ajiye tabaranka? A kanka yake kana zagin yara."

Na yi tsaki na fita tsakar gida, don in mace ta fi ka gaskiya tsaki ne kawai ya rage maka. A nan na kira shi. Na yi niyyar in yi masa tatas, amma da na ji tarin nan sai bakina ya mutu.

"Hasumiya, lafiya kuwa kwana biyun nan?"

Ya yi tari. "Rana ce take kashe min ido," ya ce. "Ka yi haƙuri. Yaushe kake da baƙo?"

"Alhamis. Kuma wannan ba na wasa ba ne."

Sai na ji muryarsa ta washe kamar ta yaron da aka saya wa sabon takalmi. "Alhamis? Jirgin safe? Kai, Allah mai iko! To ka ji, Sitiyari. Ranar Alhamis zan ba ka labarin da ba ka taɓa samun irinsa ba, daidai da daƙiƙa. Kai dai riƙe wayarka, kada ka motsa sai ka ji ni."

Na tambaye shi me yake nufi, ya ce in bari kawai, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar Alhamis tun takwas na wanke mota ciki da waje, na rubuta sunan baƙo a kwali da manyan baƙaƙe, na ajiye shi a kujerar gaba. Goma da minti arba'in Manaja ta leƙo bayan otel inda nake ajiye mota, ta miƙo min wayarta. Ɗan jirgin nan ya bar can, yana tafe a kan layinsa.

"Ya tashi tun goma da talatin da biyar, Baba. Ka kama hanya."

"To, yanzun nan."

Ta koma ciki, masu gyaran injin wuta na jiran ta. Ni kuwa na shiga mota na zauna, na ɗora waya a kan cinyata. A raina na ce ina da sauran lokaci har sha ɗaya da kwata, kafin nan ai ya kira. Shayin da na zuba ya huce ban kurɓa ba. Sha ɗaya saura goma na kasa daurewa, na kira shi da kaina. A kashe. Ban taɓa jin wayarsa a kashe ba, ko sau ɗaya. Na sake kira, matar nan ta cikin waya ta sake gaya min abin da ta faɗa. Sai na fara yi wa kaina bayani. Wataƙila caji ne ya ƙare, yana can yana neman aron waya. In da jirgin ya tashi da gaske, ko ta wayar mai shayi ce da ya kira ni. Tunda bai kira ba, jirgin yana ƙasa, manhajar ce take halinta.

Sha ɗaya da kwata ta yi. Na sa makulli, na ma tayar da mota, sannan na kashe. Mutum zai ce wauta ce, kuma wautar ce. Amma gaskiyar magana tsoro nake ji. Ya ce kada in motsa sai na ji shi. In na bi ɗan jirgin taswira na tafi, kuma ya zama shi ne mai gaskiya, to na yarda ke nan ni da Hasumiya mun ƙare, duk abin da na fi sauran direbobi da shi ya zama labari. Na zauna ina kallon waya kamar kallon zai sa ta yi ƙara, gumi na bin bayana.

Sha biyu saura ashirin Manaja ta fito raka masu gyara, ta gan ni. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta dafe kai kawai ta ce, "Haba Baba. Haba Baba!" Na ja mota na fita ko ƙofar ban rufe da kyau ba.

Hanyar da ke cin minti hamsin da safe ba ita ce ta tsakar rana ba. 'Yan makaranta sun taso, wata babbar mota ta mutu a kan gada, kowa ya kutsa hancinsa inda bai kamata ba. Na danna oda har yatsana ya yi zafi, na zagi mutanen da ba su yi min komai ba. Ina cikin cunkoson nan na buɗe manhajar da na raina. Ɗan jirgin ya iso, ya tsaya cik a kan sunan garinmu, an rubuta ya sauka sha biyu saura kwata.

Ɗaya saura minti biyar na shiga zauren masu isowa da gudu-gudu, kwali a sama. Ba kowa sai tsirarun mutane da wata mai shara tana jan tsumma a ƙasa. Na zaga, na leƙa wajen masu shayi, na leƙa har bakin banɗaki ina ɗaga sunan mutum kamar mahaukaci. Sai wayata ta yi ƙara. Manaja ce.

"Ya jira har sha biyu da rabi, ya hau tasi, ya tafi wani otel ɗin." Muryarta a dushe take. "Baba, ka dawo da motar. Ka ba mai gadi makullin in ba ka son shigowa. Ka yafe ni."

Na ce ba komai, 'yar nan, ba laifinki ba ne. Na sauke kwalin. Na nemi bakin wani benci na zauna. Ban ji haushi ba a lokacin, ban ji komai ba sai gajiya, irin wadda ke shiga har cikin ƙashi. Ina tunanin yadda zan shiga gida da rana tsaka, da abin da uwar yara za ta ce, ko ma abin da ba za ta ce ba.

Wayar ta sake yin ƙara. Na duba. Hasumiya.

Na ɗauka na kara a kunne.

"Sitiyari," ya ce, "ya sauka."

Abin mamaki, sau biyu na ji maganar, ɗaya a kunnen da ke kan waya, ɗaya a wancan. Sai tarin ya biyo baya, shi ma sau biyu. Na waiga. A benci na uku daga inda nake, kusa da ginshiƙi, wani ɗan tsamurmurin tsoho ne zaune da ƙaramar jaka a kan cinya, ya riƙe waya da hannu biyu. Mai sharar nan na tsaye a kansa, da alama ita ta kunna masa wayar. Na wuce shi sau biyu ina neman baƙona. Fuskarsa na kallon wajena sosai, amma bai gan ni ba. Idanunsa duka biyu sun yi fari fat da yana.

Na tashi na je na tsaya a gabansa, waya har yanzu a kunnena.

"Ga ni," na ce.

Ya ɗago kai yana neman inda muryar ta fito, sai ya washe baki, haƙora uku ko huɗu suka rage masa. Ya miƙo hannu cikin iska, na kama. Hannun duk kanta, hannun mutumin da ya shekara talatin yana tura ƙarfe.

"Kai ne? Ashe ƙato ne kai! Ni na ɗauka wani ɗan firit ne." Ya yi dariya, ya ƙi sakin hannuna. "Ka ga abin da ya faru? 'Yata ce ta saya min tikiti, za a kankare min idon nan a asibitin garinku. Na ce mata kada ta bar aikinta, ina da mutum a filin jirgi. Shekara talatin ina tura kayan mutane zuwa bakin abin nan, ban taɓa shiga cikinsa ba sai yau. Na ce yau Sitiyari zai ji labari daga cikin jirgi, taya na barin ƙasa ina gaya masa. Na riƙe waya, yatsana a kan lambarka. Sai wata yarinya mai kayan aiki ta zo ta ce, Baba, a kashe waya. Na ce minti ɗaya, 'yata, akwai mai jirana. Ta ce doka ce. Ta karɓa da ladabinta ta kashe min, ta sa min a aljihu. Ka taɓa jin haka? Ashe kashe waya ake yi a ciki! Ba wanda ya taɓa gaya min."

Ni ma ban sani ba. Shekara goma sha tara ina bakin ƙofar, ban taɓa wuce ta ba.

"Da muka sauka wani ya riƙo hannuna ya zaunar da ni a nan," ya ci gaba. "Na laluba, na laluba, na kasa kunna ta. Na ce ba komai, yana nan zuwa, ai yana da baƙo. Sai da baiwar Allah nan ta tausaya min." Sai ya ce, "Ina baƙon naka?"

Gaskiyar ta zo min har baki. Na kalli idanun nan, na kalli jakar da ya ɗaure bakinta da igiya, na haɗiye.

"An riga an ɗauke shi," na ce.

"To madalla. Na ji tsoro ko na ɓata maka aiki."

Na ɗauki jakarsa, na jefa kwalin a kwandon mai shara, na yi mata godiya. Ya dafa kafaɗata muka fita a hankali. Na buɗe masa gidan baya inda manyan baƙi ke zama, ya ce shi wa, a'a, gaba zai zauna kusa da sitiyari. Manaja ta ce in dawo da mota, amma ba ta ce ta wace hanya ba, asibitin ido kuwa yana wancan gefen gari.

Muna fita daga wajen ajiye motoci na tambaye shi tun yaushe idon ya tafi. Ya shafa gwiwarsa.

"Wata takwas ke nan da suka sallame ni," ya ce. "Na tura keke a kan ƙafar wata mata, ban gan ta ba. Ba su yi min wulaƙanci ba, sun ce in je in huta. To akwai mai shayi a bayan shinge, daidai inda jirage ke ɗagawa. Kullum da safe sai in je in zauna a bencinsa. Da farko ina ɗan ganin ja-ja in ya wuce. Daga baya jan ma ya tafi, sai na koma bin ƙara. Ai kowanne da muryarsa, in ka saba. Namu yana da wani ɗan gurnani daga ƙasa kafin ya ɗaga."

"Me ya hana ka gaya min?"

"In na gaya maka, wa zan kira?" Ya juyo da fuska wajena. "Yarinya tana nan garinku, uwarta ta rasu, abokan aiki kowa na ta kansa. Kai kaɗai ne ka rage da ke jiran in ce wani abu."

Na riƙe sitiyari da kyau, don hanya ta fara yi min dishi-dishi. Na so in ji haushinsa, wallahi na nema, ban samu ba. Tausayi na ji, nasa da nawa, har na rasa wanne ya fi yawa. Tsofaffi biyu, ɗaya a bayan shinge yana sauraron sama, ɗaya a bayan otel yana kallon waya.

"Kwanakin baya da na ɗan kuskure," ya ce, "ba a yi maka faɗa ba dai ko?"

"Wane faɗa? Ni fa tsohon hannu ne a wurin."

"Haka ne. In an gyara idon nan, ka ga aiki. Likita ya ce sati biyu in koma. Zan sayi benci nawa na kaina in kafa a wurin, ba za ka ƙara yin latti ba har ka yi ritaya."

Na ce Allah ya sa.

Hanyar fita daga filin jirgi tana bi ta gefen shinge kafin ta haɗu da babban titi. Muna kaiwa nan sai ƙara ta taso daga hagu, gilashin mota ya ɗauki rawa. Hasumiya ya ɗaga hannu alamar in yi shiru, ko da yake ban ce komai ba. Ya karkata kai, ya lumshe fararen idanun nan, bakinsa na motsi. Jirgin ya taso ya bi ta kanmu, inuwarsa ta share motar ta wuce.

"Ka ji gurnanin?" ya ce, yana murmushi. "Namu ne, mai jar wutsiya, zai koma gida. Duba ka gani, Sitiyari. Shi ne ko?"

Na rage gudu na leƙa ta gilashi. Ga shi can yana hawa, rana na dukan wutsiyarsa, shuɗiya shar.

"Shi ne," na ce. "Ya tashi."

"Madalla," in ji shi, ya gyara zama ya rungume jakarsa. Na sa sigina na hau babban titi.